Rabin Bene Ba Kanta Ba Ne

A manyan kasuwannin Kano, irin su Kantin Kwari da Sabon Gari, ƙarancin wuri ya sa 'yan kasuwa na raba tsayin shago gida biyu. Mai walda ya kafa ƙarafa, kafinta ya shimfiɗa katako, a jingina tsani, sai a jibge dilolin atamfa da shadda a sama. Wannan shi ne abin da masana gini ke kira mezanin, wanda ya dace mu kira shi rabin bene. A ganina, muddin ana ɗaukar sa tamkar kanta, to za a ci gaba da gina shi da ka, ana kasada da rayukan yaran shago da ke wuni a ƙarƙashinsa.

Ƙa'idojin gina shi sanannu ne. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da ƙasa, wanda jihohin Amurka ke aiki da shi, ya tanadi cewa a bisa asali faɗin rabin bene kada ya wuce sulusin ɗakin da yake ciki, domin wanda ke sama ya hangi hayaƙi da wuri. Tsayin da ke samansa da na ƙarƙashinsa kada ya gaza mita 2.1, kuma a kewaye bakinsa da shinge mai tsayin kimanin mita 1.07. Batun nauyi ya fi duka muhimmanci. Ana ƙiyasta wa daɓen ɗakin zama kimanin kilo 200 a kowace murabba'in mita, amma na ma'ajiyar kaya marasa nauyi sosai kimanin kilo 600 ne. Ga kuma gobara: ƙarfe na rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya doshi digiri 600. Wanda ya tuna gobarar Sabon Gari ta 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ya san tsani ɗaya na katako ba mafita ba ce.

Ɗan kasuwa zai ce kuɗin injiniya da na neman izinin hukumar tsara birane sun yi masa yawa. Kukan nasa abin saurare ne, sai dai ladan lissafin ginshiƙi huɗu bai kai kuɗin dila ɗaya ta shadda ba, balle diyyar rai.

A nan ne manazarta Hausa ke da nasu alhakin. Najeriya ta samar da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma da Ingilishi yake, alhali masu aikin da Hausa suke ciniki da koyar da yaransu. Magina na dā sun san iyakar tazarar da azara ke iya ɗauka, da haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ilimin nan ya wanzu ne domin yana da kalmominsa, irin su bakan gizo da ɗaurin guga. Ginin ƙarfe bai samu irin wannan gata ba.

Ya kamata sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su zauna da takwarorinsu na injiniyanci da zanen gini, su daidaita kalmomi kamar nauyin dindindin da nauyin kaya da hanyar tsira, sannan a fitar da taƙaitaccen jagora ga ƙungiyoyin masu walda da shugabannin kasuwa, a kuma karanta shi a gidajen rediyo.