Man Agadem da ɗalibanmu masu neman aiki

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun kori shugabannin kamfanonin mai uku ƴan ƙasar Sin, har da na matatar Soraz ta Damagaram. Babban dalilin da aka bayar shi ne tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Muna goyon bayan a biya kowa haƙƙinsa, domin Musulunci bai yarda a ci gumin ma'aikaci ba.

Sai dai albashi damuwar wanda ya riga ya samu shiga ce. Ɗalibanmu da ke kammala jami'o'in Yamai da Damagaram tun a ƙofa ake tare su da tambayar ƙwarewa. To ina za su samo ta, in ba wanda ya ɗauke su horo? Tun 2011 Soraz take tace mai, lokacin da ya isa a yaye injiniyoyin gida masu riƙe manyan muƙamai.

Ga kuma bututun Agadem zuwa Seme ta ƙasar Benin, kusan kilomita 2,000. Jigila, abinci, gyaran injuna, duk kwangila ce. A ganinmu a sharɗanta wa kowane ɗan kwangila ɗaukar ɗalibai horo, a riƙa bayyana adadinsu duk shekara, kada guraben su ƙare a hannun ƴaƴan wane da wane.