Magatakardan Sin da Baƙon Tauraro

A watan Yuli na shekarar 1054, magatakardan fadar Sarkin Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, gabas da Kaza da 'Ya'yanta. Kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, da dare kuwa sai da ya kusa shekara biyu kafin ya ɓace. Ba su san ko mene ne ba, amma suka rubuta rana, suka rubuta wuri, suka adana takardar.

Yanzu an san wani ƙaton tauraro ne makamashinsa ya ƙare, cikinsa ya rufta, ya tarwatse. Masana suna kiran wannan sufanoba. Ɓurɓushinsa yana nan har yau kamar hayaƙi, yana ta bazuwa. A 1928 Edwin Hubble na Amurka ya duba saurin bazuwar nan, ya yi lissafi baya, ya ga ta soma wajen shekara 900 da suka shige, watau daidai da rubutun Sinawa. Haka kuma Ali bin Ridwan, likitan Masar, ya bar bayanin wanda ya gani a 1006, masana na amfani da shi.

Kada a ce wannan zance bai shafe mu ba. Ƙarfen da ke bakin fartanya, da wanda ke cikin jininmu, a irin wannan fashewa aka ƙera shi, ya watsu tun kafin a yi duniyarmu. Shi ya sa masana ke farautar taurari masu ƙarancin ƙarfe, gama su ne tsofaffi. A 2014 aka ba da labarin wani da aka gano daga Ostireliya wanda ba a ga alamar baƙin ƙarfe a haskensa ba sam.

Mu dai abin da ya fi jan hankalinmu shi ne riƙon rubutu. A 1967 na'urorin da Amurka ta harba sama don tsaron gwajin bom ɗin nukiliya suka kama wata walƙiya ta hasken gamma, wanda ido ba ya gani. Ba ta yi kama da bom ba. Malalacin ma'aikaci da sai ya ce na'ura ce ta yi kuskure, ya soke. Su kuwa suka ajiye, suka tara irinta, suka bayyana a 1973. Daga baya aka tabbata wasunsu mutuwar manyan taurari ce a can nesa ƙwarai.

To, ga ɗalibanmu na kwalejin horon malamai suna ganin cika littafin makaranta wahala ce kurum, ga akawun da ke rubuta "kwanan baya" a gurbin kwanan wata. Lalle wannan ba ya gamsar da mu. Muna so kowane malami ya riƙa fita da yara da dare ko sau ɗaya a wata, su rubuta abin da suka gani, da sa'a, da gefen da yake. Rabon da a ga irin wannan fashewa da ido a cikin garken taurarinmu tun 1604, ba kuwa wanda zai iya faɗin daren da za a ga ta gaba.