A Ina Direbanmu Yake Kwana?

Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa ya san yadda marubuci zai cinye shafi biyu ko uku yana siffanta ɗakin amarya: gado ɗan Dubai, katifa mai kaurin inci kaza, zanen gado mai ruwan zuma, matasan kai shida an jera kamar za a yi musu jawabi. Mu ma muna karantawa muna jin daɗi, ba laifi. To amma da wuya ka ga littafin da ya tsaya ya gaya mana inda direban da ya ɗauko wannan gadon daga Legas ya sa haƙarƙarinsa a daren da yake hanya. A kan wannan nake son mu ɗan tattauna yau, domin a ganina maganar ta fi ƙarfin raha.

Mu a nan Zoza, cikin ƙaramar hukumar Rogo, da zarar kaka ta yi za ka ga motoci suna shigowa lodin masara da dawa da rake, wasu su nufi Kano kasuwar Dawanau, wasu Zariya, wasu kuma su miƙa kudu. Kowace mota akwai direba, akwai yaron mota, sau da yawa har da mai kaya yana biye da dukiyarsa. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, babbar mota mai lodi ba ta yin ta a wuni ɗaya, dole sai an kwana a Tafa ko Mokwa ko Jebba ko Ogere. Motar nan ita ce ɗakinsu na tsawon kwanaki, wani lokaci har mako biyu idan ana jiran lodin dawowa. Ka leƙa ka ga abin da suke kwana a kai: kwalin da aka yaga, ko buhun da aka zazzage, ko wata tsohuwar katifa da baƙin mai ya rine, ko kuma mutum ya ƙudundune a kujera ƙafa a kan sitiyari.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, shimfiɗar matafiyi tana cikin kayan aikin mota, daidai da safaya da jak da abin kashe gobara. Motar da za ta kwana a hanya ba ta da shimfiɗar kirki, ba ta shirya tafiya ba, ko da kuwa tayoyinta sababbi ne fil.

Dalilina na farko barci ne. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowane daƙiƙa ɗaya. Idan direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa 4 kacal, motar ta yi mita 100 ke nan, wato kusan tsawon filin ƙwallo, babu mai tuƙa ta. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Jama'a, wane ne a cikinmu zai yarda ya ɗora iyalinsa a motar da direbanta ke warin barasa? Amma kullum muna shiga ta wanda ya kwana yana juyi a kan kwali, muna cewa Allah ya kiyaye hanya. Goro da shayi mai kauri da ƙwayoyin hana barci suna ɗage bashin ne kawai, ba sa biyan sa. Shi ya sa a ƙasashen Tarayyar Turai dokar 2006 ta ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma ya sami hutun awa 11 a rana. Hutu kuwa ba ya samuwa sai da wurin kwanciya.

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro, suna watanni a hanya kafin su kai Salaga, ba wanda yake barin gida babu tabarmarsa da buzunsa da gwadonsa a ɗaure a kan jaki. Madugu yana zaɓar zango tun rana ba ta faɗi ba, domin ya san ayarin da bai yi barci ba gobe ba zai yi nisa ba. Abin da Turawa suka yi shi ne sun ɗauki wannan shirin sun sa shi cikin mota. A Jamus tun 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya fara gyara ƙananan bas na Volkswagen yana sa musu gado da wurin ajiya, iyali su yi ta yawo suna kwana a ciki. Irin wannan bas ɗin ce ta zo Legas aka cika ta da benci aka kira ta danfo. Su suna kwana a mota don nishaɗi amma sun tanadi shimfiɗa, mu muna kwana a mota don neman abinci amma mun bar abin ga sa'a.

To wace irin shimfiɗa ce ta dace da mota? Mu fara da katifa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a je kasuwa a nemi mai kauri da taushi da araha. Soso mai araha yana da haske a hannu, cikin 'yan watanni sai ya lotsa a tsakiya, mutum ya riƙa jin ƙarfen mota a ƙugunsa. Ka ɗaga katifar ka ji nauyinta, ka danna da gwiwar hannu ka ga ko za ta dawo da sauri. Mai inci 3 da nauyi ta fi mai inci 6 da ba ta da ƙwari, kuma ta fi sauƙin naɗewa. Kafin ka saya ka auna wurin da za ta zauna, ko gadon bayan kujerar tirela ne, ko bayan J5, ko bayan kanta, domin masu sayar da soso suna yankawa daidai awo. Sannan a kai wa tela ya ɗinka mata riga mai zif wadda za a iya cirewa a wanke. Soso yana shan ruwa da gumi kamar yadda sunansa ya nuna, saboda haka a ƙarƙashinsa a sa tabarma ko guntun tamfol. Tabarmar kaba ta fi sanyi a jiki da bazara, ta roba kuma ta fi jure ruwa da damina.

Abin rufa kuma sai a duba lokaci da inda aka nufa. Wanda ya bar Rogo a watan Janairu cikin tsananin hunturu, zai kwana a Tafa yana rawar ɗari, jibi kuma ya kwana a Legas yana gumi. Bargo ɗaya mai nauyi ba zai yi masa aiki a wuraren nan biyu ba. Gara ya riƙe mayafi mara nauyi na auduga da bargo matsakaici, idan sanyi ya yi ya haɗa su, idan zafi ne ya ture ɗaya. Yadin roba yana da sheƙi a ido amma yana riƙe gumi, auduga ita ce abokiyar matafiyi. Matashin kai ma ƙarami ya isa, domin wuyan da ya kwana a kan takalmi ko jarka ba zai iya waiwaye da kyau ba idan gari ya waye, kuma direba da waiwaye yake aiki.

Gidan sauro kuwa ban ɗauke shi zaɓi ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Wuraren da manyan motoci ke tsayawa galibi kusa da kwatami ne ko bakin kogi, kamar Jebba da Lakwaja. Gidan sauro mai magani bai fi cikin aljihun jaka ba, igiya huɗu ce kawai ake ɗaurawa. Idan sabo ne a baza shi a inuwa na kwana ɗaya kafin a shiga, idan an wanke shi ma a inuwa ake shanya shi, domin rana tana rage ƙarfin maganin.

Sai maganar ajiya, wadda a nan ne yawancinmu muke ɓata abin da muka kashe wa kuɗi. Mutum zai tashi da asuba raɓa ta jiƙa shimfiɗar, ya cusa ta cikin leda ya ƙulle, ba zai sake buɗewa ba sai dare. Kwana uku ya isa ta fara wari ta yi funfuna, daga nan sai tari da ƙaiƙayi. Kafin a naɗe a kakkaɓe, a rataya a jikin mota ko da tsawon lokacin sallar asuba da shan shayi ne. Katifa naɗe ta ake yi a ɗaure da igiya, idan ana ninke ta a wuri ɗaya kullum nan za ta karye. A zuba kayan cikin buhu mai shan iska ko jakar yadi, leda sai dai a yafa daga waje idan ana ruwa. Kuma a ware musu wuri a sama, nesa da jarkar mai da takin zamani da maganin feshi. Abin da soso ya sha da rana, shi hancinka zai shaƙa da dare.

Idan an dawo gida kada a wuce da shimfiɗar hanya ɗakin iyali kai tsaye. Kuɗin cizo ba ya tashi sama, a cikin kaya yake tafiya, kuma daga tasha zuwa tasha yake samun mota kyauta. A wanke rigar katifa da mayafi da ruwan zafi, a shanya katifar a rana mai ƙarfi ana juya ta, a duba bakin ɗinki domin nan yake ɓuya. Ina roƙon 'yan uwa su daina yayyafa fiya-fiya a kan abin da za su kwanta a kai, musamman a cikin mota mai rufaffen gilashi. Guba ce, kuma ba ta bambanta ƙwaro da ɗan Adam. Haka nan shigar da kaskon garwashi cikin mota da hunturu, ko barin inji yana aiki an rufe tagogi: iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Bargo na biyu ya fi wannan kasada araha.

Na san abin da za a ce. Mai mota zai ce wurin da katifa za ta ci buhu ɗaya ne na kuɗi. Ni kuwa ina tambayarsa, kuɗin katifa da bargo da gidan sauro duka a haɗe, sun kai kuɗin taya ɗaya na tirela? Motar miliyoyin naira da kayan mutane a cikinta an damƙa wa wanda bai yi barci ba, wace riba ce buhu ɗaya zai kawo idan ta kwanta a gefen titi? Wani kuma zai ce namiji ba ya neman jin daɗi a hanya, wai son jiki ne. Wannan magana ita ta bar mana dattawan direbobi da yawa da ciwon baya tun ba su kai sittin ba. Juriya abu ne mai kyau, amma wahalar da naira kaɗan za ta kawar, ɗaukar ta ba jarumta ba ce.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron mota. Direba yana da gadon bayan kujera, shi kuwa ƙarƙashin mota ake tura shi ya shimfiɗa kwali tsakanin tayoyi, wai yana gadin batir da mai. Ruwa nasa, sauro nasa, idan kuma wani ya tada motar cikin dare bai leƙa ba, ko wata ta kwaso ta daki tasu, shi ne na farko. Yaran nan 'ya'yan wasu ne, amana aka ba mu. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, irin su NURTW da NARTO, suna da ikon da za su ce motar dogon zango ba za ta yi lodi ba sai an ga shimfiɗar mutum biyu, kamar yadda jami'an kiyaye haɗurra suke tambayar abin kashe gobara.

Ku kuma iyayenmu mata da ƙannenmu matan direbobi da 'yan kasuwa, da yawanku ku ne masu karanta littattafan nan. Yadda kuke haɗa wa maigida dambun nama da soyayyen gari idan zai yi tafiya, ku riƙa tambayar jakar shimfiɗarsa idan ya dawo, a wanke a shanya a ɗaure masa kafin ranar lodi. Marubutanmu ma don Allah idan an gama siffanta gadon amarya, a ɗan ba direba sakin layi ɗaya, ko mai mota zai karanta ya ji kunya.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya. Wassalam.