Jan Balan-balan: Fim Ɗin da Ya Ƙi Tsufa

A shekarar 1956 wani Bafaranshe mai suna Albert Lamorisse ya shirya wani gajeren fim na yara, ya sa masa suna Le Ballon Rouge, wato Jan Balan-balan. Tsawonsa minti 34 ne kawai, bai ma kai darasi ɗaya na aji ba. Maganar da aka yi a cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Amma ga shi yau shekara wajen 70 ke nan, manyan finafinai da yawa na zamaninsa an manta da su, shi kuwa ana nan ana kallonsa. Mun ga ya dace mu tambayi kanmu dalili, domin amsar ta shafe mu a nan makaranta.

Ga labarin a taƙaice. Wani ƙaramin yaro mai suna Pascal, a birnin Faris, yana tafiya makaranta da safe sai ya ga jan balan-balan a maƙale a jikin fitilar titi. Ya hau ya kwance shi. Kwandasta ya hana shi shiga mota da shi, sai ya tafi da ƙafa. Da ruwan sama ya sauko, yaron ya riƙa raɓawa ƙarƙashin laimar masu wucewa, don kada balan-balan ya jiƙe. A gida aka fitar da balan-balan ta taga, amma maimakon ya tashi sama, sai ya tsaya a bakin tagar yana jiran abokinsa. Daga nan duk inda yaron ya sa ƙafa yana biye da shi ba tare da an riƙe igiyarsa ba. A ƙarshe wasu gungun yaran unguwa suka yi ta bin su lungu-lungu, suka harbe balan-balan da danƙo, wani ya sa ƙafa ya take shi. Nan take sai balan-balan na birnin Faris duka suka kuɓuce daga hannun masu su, suka taru wurin yaron, suka ɗaga shi sama.

Masana fim sun yaba masa tun farko. Ya ci babbar lambar gajerun finafinai a bikin Cannes na 1956, kuma a 1957 ya sami lambar Oscar ta tsarin labari a Amurka, abin da wani gajeren fim bai taɓa samu ba. Bayan haka makarantun Amurka sun shekara da shekaru suna nuna wa ɗalibai shi da majigi. Yaron da ya fito a ciki ɗan Lamorisse ne na cikinsa, bai wuce shekara 6 ba a lokacin. Shi Lamorisse ya rasu a 1970 cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Iran, yana kan ɗaukar wani fim. Unguwar talakawa da aka ɗauki fim ɗin, wajejen Belleville da Ménilmontant, an rushe yawancin tsofaffin gidajenta, har an buɗe lambun shaƙatawa a wani sashe nata a 1988. Wurin ya sāke, fim ɗin bai sāke ba.

Lambobin yabo ba su ne ke sa yaro ya yi tsit a gaban majigi ba. A ganinmu abin da ya riƙe fim ɗin shi ne ya ɗauki abin da yaro ke ƙauna da muhimmanci, yadda yaron kansa ya ɗauke shi. A idon babba, balan-balan roba ce da iska. A idon Pascal kuwa aboki ne, shi kaɗai ne abu mai haske a cikin unguwa mai launin toka, shekara 11 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kowane yaro ya san wannan. Wanda ya taɓa ƙera motar langa-langa ya ga wani ya taka ta ba ya bukatar jin Faransanci kafin ya gane abin da ke faruwa.

Wurin da fim ɗin ya fi taɓa mu manya shi ne yadda ya nuna mu. Kwandasta ya kori yaron. Da balan-balan ya shiga makaranta ɗalibai suka ɓarke da hayaniya, shugaban makarantar ya kulle Pascal a ɗaki. Ran Lahadi balan-balan ya bi shi cikin majami'a, mai kula da tsari ya fitar da su waje. Ba ko ɗaya a cikinsu da za a kira mugu. Kowa dokar wurinsa yake kiyayewa. Amma ba wanda ya sunkuya ya tambayi yaron komai. Mu malamai da dattawan ikilisiya, da muka san yadda Ubangijinmu ya tsauta wa almajiransa sa'ad da suka tare yara ƙanana, ya kamata wannan ya sa mu yi nazari.

Wasu za su ce fim ɗin yana tafiyar hawainiya, yaran yau da suka saba da waya ba za su jure ba. Wasu kuma su ce ƙarshensa mafarki ne, domin a zahiri in an fasa wa yaro abinsa ba mai zuwa daga sama ya ɗauke shi. Wannan magana ta biyu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a lura, balan-balan ɗaya aka kashe, masu yawa ne suka zo. Kuka ɗaya ya tashi gari duka. Fim ɗin yana nuna abin da ya kamata jama'a su yi wa wanda aka zalunta. Game da tafiyar hawainiya kuwa, ita ce ke koya wa yaro duba da kyau, abin da muke fama da koyarwa a aji kullum.

Ɗalibanmu, musamman ku na manyan azuzuwa, ku tuna yaran da suka fasa balan-balan ba su ƙaru da komai ba. Hassada ce kawai. A kowace shekara akan kawo mana sabon ɗalibi mai kunya, yana riƙe da abinsa: wani zane ya iya, wani murya gare shi, wani harshen ƙauyensu ne ake yi wa dariya. Kafin ƙarshen zangon farko mukan ga ko an bar shi da abinsa ko an take masa.

Muna roƙon iyaye da malamai su nemi wannan fim su kalla tare da yara. In an gama, kada a yi musu wa'azi. A tambaye su wanda suka gane a ciki, sa'an nan a saurari amsarsu.