Tafiyar ƙafa cikin tsananin zafi: Darasin hajjin 2024

A watan Yunin 2024, ministan lafiya na Saudiyya, Fahd al-Jalajel, ya bayyana cewa mutane 1,301 ne suka rasu a lokacin aikin hajjin shekarar, inda zafi ya kai digiri 51.8 a Makka.

A cewar ministan, kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da takardar izinin aikin hajji, kuma sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana, babu inuwa, babu wurin hutawa.

Wannan adadi na nuna cewa zafin ya fi yin kisa ne idan ya haɗu da tafiya. Tsakanin Makka da Arfa akwai kusan kilomita 20, kuma wanda ba shi da izini ba ya samun motocin alhazai, ko tantuna masu na'urar sanyaya iska.

A cikin watan ne kuma aka tsinci gawar Michael Mosley, likita mai gabatar da shirye-shiryen talabijin a Birtaniya, a tsibirin Symi na ƙasar Girka, kwana huɗu bayan ya fita tattaki da rana tsaka.

Yadda zafi ke kayar da mutum

Jikin ɗan Adam na tsayawa ne a kan digiri 37, kuma da gumi yake rage zafi. Mai tafiya cikin rana na iya zubar da gumin da ya haura lita ɗaya a cikin sa'a guda, tare da gishirin jikinsa.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya. Idan zafin jiki ya haura digiri 40, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Babban haɗarin ke nan, domin wanda ya ruɗe ba ya gane cewa lokacin tsayawa ya yi.

Saboda haka ne likitoci ke gargaɗin kada mutum ya yi tafiya shi kaɗai, a kuma zaɓi sanyin safiya ko yamma. Suna ba da shawarar riƙe lema, da shan ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi, haɗe da ruwan gishiri da sukari.

Wanda ya faɗi kuwa, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, ana kuma neman likita. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini sun fi kowa shiga haɗari.

Sauran rina a kaba

Bayan wannan asara, gwamnatin Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 da ta zarga da kai mutane ta bayan fage. A 2025 kuma Saudiyya ta ƙara wuraren inuwa, ta kuma sanya tarar riyal 20,000 a kan mai yin hajji ba izini.

Kasancewar shekarar Musulunci na gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, hajji na matsawa zuwa watanni masu sauƙin zafi, kafin ya sake zagayowa.

Sai dai tara kaɗai ba za ta magance matsalar ba. Tsadar kujera da dogon jira ne ke tura talaka hannun dillalan bayan fage, kuma muddin haka ta ci gaba, za a ci gaba da samun masu taka ƙasa a cikin rana.