Don Allah ka daina shaƙe babur ɗinka da sunan rage shan mai

Yau ba gyaran waya za mu yi ba, amma wayar ce ta jawo maganar.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000. Mu nan Mahuta abin har da cin rai, ga matatar mai ta Kaduna da aka buɗe tun 1980 a maƙwabtanmu, amma ba ta sa mun sayi lita da sauƙin ko sisi ba. Saboda haka idan kana neman hanyar da tsohon mashin ɗinka zai rage sha, ban ga laifinka ba. Laifinka ɗaya ne: ka ɗauki yaron da ka gani a bidiyon daƙiƙa 40 a TikTok ka mai da shi malaminka.

Ka san bidiyon da nake nufi. Wani ya ce ka murɗa sukurun kafireto. Wani ya ce ka cire soson iska, wai injin ya samu numfashi. Wani ya ɗaura mayen ƙarfe a jikin tiyon mai, wai yana "tsara" fetur. Shi wannan na mayen ƙarfen ba sai mun daɗe a kansa ba: fetur ba ƙarfe ba ne, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urorin rage shan mai sama da 100, ba ta samu wadda ta kawo wani ragi na kirki ba. Kuɗinka kawai ya tafi, mashin bai ji komai ba. Sauran biyun su ne masu kisa.

Ba labari aka ba ni ba, ni na yi. Ina da tsohuwar Jincheng mai hayaƙi, irin wadda ake zuba wa man 2T. Na cire soso, na sa ƙaramin jet, na sauke allurar kafireto. Sati na farko har ina yi wa abokai alfahari, don gaskiya mai ya ɗan ƙara kai ni. Sati na uku ina kan titin Kachia zan shiga Sabon Tasha, sai injin ya yi wani ƙara kamar an tsuke masa wuya, tayar baya ta fara ja. Allah ya taimake ni na matse kuloci da wuri. Fistin ya kama. Na tura ta gida a ƙafa, washegari na tafi Panteka neman fistin da ringi, aka sake rarake bulok. Abin da na kashe ya isa in sha mai na wata biyu, ban da kunya.

Ga abin da mai bidiyo ba zai gaya maka ba. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, ta ma'aunin nauyi, kuma injin da iska ke sanyaya shi irin namu ya fi son man ya ɗan ɗara haka idan yana aiki da ƙarfi, domin shi kansa man yana rage masa zafi. Idan ka rage mai ka ƙara iska, wutar cikin injin na ƙara zafi. Fistin ya kumbura, bawul ya ƙone. Ba ranar da ka yi zai nuna ba, shi ya sa bidiyon yake ƙarewa da murmushi. Babu wanda ke dawowa bayan sati uku ya ɗauki kansa yana tura babur.

Kuma shi sukurun da ake ce maka ka murɗa ba iri ɗaya ba ne a kowane kafireto. Idan yana ɓangaren da iska ke shigowa, sukurun iska ne, kwance shi ke rage mai. Idan yana ɓangaren injin, na mai ne, ɗaure shi ke ragewa. Mai bidiyo yana riƙe da wani mashin daban a wata ƙasa daban, kai kana kwaikwayonsa a kan Boxer ɗinka. Sannan aikin sukurun nan a sulo ne da ɗan ƙaramin totur, da ka buɗe wuta jet da allura ne ke aiki.

Maganar cire soso kuwa, a Mahuta? Ka sauka daga kwalta ka shiga layukanmu lokacin hunturu, jar ƙurar da ke hawa girarka ita ce za ta shiga silinda, ta riƙa goge ringi kamar samfefa. Wata uku mashin ya fara cin baƙin mai.

Zan ji wani ya ce, to malam, kana nufin komai sai mun kai wa bakanike? A'a. Ni ma na sha kai mashin gareji da ciwo ɗaya na dawo da biyu. Ka taɓa mashin ɗinka da hannunka, a zaurenka ko a gindin mangwaron tsakar gida. Sai dai ka taɓa inda man yake zurarewa da gaske, wuraren da ba su da daɗin ɗauka a bidiyo.

Fara da fulogi, shi ne ba ya ƙarya. Bayan tafiya mai ɗan nisa, bari injin ya huce ka kwance shi. Idan bakinsa kalar shayi da madara ne, kada ka taɓa kafireto, lafiyarsa lau. Idan baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa, kuma sau da yawa soso ne ya toshe da ƙura, ko cok ne ya maƙale. Idan fari ne fat, kana kan hanyar da na bi. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan injunan nan tsakanin milimita 0.6 ne zuwa 0.7.

Soson, wanke shi za ka yi da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka mayar. Taya mara iska tana shan mai fiye da yadda kake zato, ka sa mai faci ya auna maka da geji, ba da babban yatsa ba. Ɗaga mashin a kan jak ka juya kowace taya da hannu: idan ta tsaya nan take, birki na riƙewa, kana biyan kuɗin mai don ka yi kokawa da birkinka. Sarƙa ta samu mai, sakinta a tsakiya ya zama kamar santimita 2 zuwa 3. Sannan ka duba ƙarƙashin kafireto da safe, idan ƙasa ta jiƙe tana warin fetur, ga ɓarawonka nan.

Idan injinka mai bawul ne irin Boxer ko Honda CG125, ka riƙa juye a kan lokaci, kusan lita 1 yake ci. Ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robar, domin kulocin waɗannan injunan a cikin man yake, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi. CG ba ta da matatar takarda, wata 'yar raga ce a bayan murfin juye, mutane da yawa ba su taɓa wanke ta ba tun da suka sayi mashin.

In kuma hannunka na ƙaiƙayi sai ka canza wani abu, akwai canjin da ke da hujja. Sa 'yar matatar fetur a tsakanin tanki da kafireto, tsohon tanki ba ya rasa tsatsa. Idan tafiyarka doguwa ce a kan kwalta kai kaɗai, ƙara haƙori 1 a siroket na gaba zai rage wa injin ihu, amma ka sani zai rage ƙarfin ja idan ka ɗauki buhu ko uwargida da yara. Cajar waya ma za ka iya sa wa, in dai ka bi da ita ta fiyus kuma ta bayan makulli, kada ta kwana tana zuƙe batir.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: kada ka tayar da injin a cikin ɗaki ko zaure a rufe, hayaƙinsa irin na janareta ne, kuma kada ka buɗe tanki kusa da murhu ko inda ake girki. Fito da shi fili.

Wanda ya riga ya taɓa kafireton, yau da yamma ya kwance fulogi ya haska da fitilar wayarsa. Idan fari ne, ya mayar da soso da jet ɗin asali kafin ya sake hawa titin Kachia.