Cajin minti biyar: Me sabon batirin China zai tsinana wa masu ababen hawa a Dutse?

A watan Maris na 2025 kamfanin BYD na ƙasar China ya fito da wata fasahar caji da ya ce cikin minti biyar za ta zuba wa mota wutar da za ta yi tafiyar kilomita 400. Wata guda bayan nan, kamfanin CATL, wanda ya fi kowa ƙera batirin motoci a duniya, ya ce nasa zai ba da kilomita 520 a cikin minti biyar ɗin.

Idan aka kawo lissafin gida, direban da ke lodi daga Dutse zuwa Kano zai je ya dawo da cajin da bai kai lokacin shan shayi ba, har da saura. Babban abin da ake kushe motar lantarki da shi, wato zaman jiran caji na sa'o'i, ya kama hanyar zama tarihi ke nan.

Sai dai akwai wata lamba da ba a cika ambata ba. Na'urar cajin BYD tana jan wuta har kilowat 1,000, wato megawat ɗaya. Taransifomar da ake kafa wa unguwa a garuruwanmu yawanci mai 300 ce ko mai 500. Ke nan mota ɗaya tak, a cikin waɗannan mintuna biyar, za ta ja abin da ya kai ƙarfin manyan taransifomomin unguwa biyu. Duk wanda ya taɓa ba da kuɗin karo-karo don gyaran taransifomar layinsu ya san abin da wannan ke nufi.

Wutar da ake rabawa a Najeriya baki ɗaya tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma kason da KEDCO ke samu a ciki shi ake raba wa Kano da Katsina da Jigawa. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, an shafe fiye da mako guda cikin duhu. Mai motar fetur ya sha wahala a lokacin, amma ya fita aiki. Mai motar lantarki da ya dogara da wutar gwamnati kaɗai, ajiye ta zai yi.

Duk da haka, kuskure ne a yi watsi da maganar, domin aljihu na goyon bayan lantarki. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ƙaramar mota na shan kimanin lita 8 a kilomita 100. Ko an ɗauki lita a naira 900, kuɗin ya kai 7,200. Irinta mai lantarki na cin kimanin yunit 15, wanda ko a farashin Band A mafi tsada, naira 200 da 'yan kai, bai wuce 3,500 ba. Rabin kuɗi ke nan, ban da juyen baƙin mai da canjin fulogi da aka huta da su.

A ganina, tambayar ita ce wane irin abin hawa ne zai fara cin wannan riba a tsakiyar Jigawa. Ba motar alfarma ba ce. Masu ɗaukar ma'aikata zuwa sakatariya, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, da 'yan kasuwar Shuwarin, babura ne da Keke Napep. Batirinsu ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar megawat. A Rwanda da Kenya da Benin da Togo, kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun bi wata hanya dabam: ɗan acaba ya shigo, a cire batirin da ya ƙare, a sa masa cikakke, ya biya ya wuce cikin 'yan mintuna. Batiran kuma su yi ta caji a hankali a kan kanta. Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sana'ar masu shagon cajin waya ce aka faɗaɗa.

Caji a hankali ya fi dacewa da yanayinmu ma. Batiri ba ya shiri da zafi, caji mai sauri kuma ƙara masa zafi yake yi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Dutse da Kiyawa da Jahun, batirin da ba shi da na'urar sanyaya mai kyau zai yi saurin mutuwa, alhali shi ne mafi tsada a jikin abin hawan.

Arewa ta riga ta gwada. A 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu fetur zuwa na lantarki, gwamnatin Borno kuma ta saka tasi masu lantarki a titi a ƙarshen 2023. Abin lura shi ne ƙoƙarin Sakkwato da na Gajibo duk a kan sola suka jingina.

Ita ma tashar caji mai sauri tana iya tsayuwa a nan idan aka haɗa ta da faifan sola da babban batirin ajiya, ya tara wuta da rana, ya juye wa mota a lokaci guda. Kuɗin kafa ta ne matsalar, kuma ba mai zuba su sai ya ga motocin da za su riƙa tsayawa. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka ba da lasisin irin waɗannan tashoshi da sanya musu farashi abu ne da za a iya yanke shi a Dutse ba sai an jira Abuja ba. Wurin da ya fi dacewa a fara gwadawa shi ne mahaɗar Shuwarin, inda motocin hanyar Kano zuwa Maiduguri ke haɗuwa da baburan da ke shiga cikin gari.